Ordinatar da Ba Ta Son Baƙi

Ni dai tun ranar farko na faɗa wa direkta: Faruk ba gyara ordinatar gidan rediyonmu ya yi ba, aski ya yi mata, ƙwal-kwabo.

Ni ce Zuwaira, mai karanta gaishe-gaishe da sanarwa bayan la'asar a wani ɗan gidan rediyo da ke Sabon Gari, nan cikin Damagaram. Ɗaki biyu ne da eriya da farantin sola a kan rufi, amma muryarmu tana kaiwa Mirriya, tana kaiwa har Dogo, garinmu. Ordinatarmu, wato kwamfuta, ɗaya tal, tsohuwa tukuf, wani furoje ne na ƙungiyar agaji ya bar mana ita da zai naɗe tabarmarsa. Cikinta ɗan mitsitsi ne, kuma a da sai ta bari ina tsakiyar sanarwar rasuwa sannan ta sume. Da abin ya ishe mu aka ɗauko Faruk, teknisiyan, ya share duk abin da ke cikinta ya zuba mata wani tsari da ya ce ba shi da kitse ko kaɗan. Babu hoto, babu launi, har ɗan ɓeran nan da ake ja da hannu ya cire ya jefa a durowa. Baƙin allo ne da farin rubutu, kamar allon lekol, makarantar boko. Abu biyu ta iya a duniya, ta sa waƙa, ta naɗi murya. Tsakani da Allah tun daga lokacin ba ta sake suma ba, amma kada ku gaya masa na faɗa.

Shi Faruk mutum ne da Allah ya halitta da ƙin tarkace. Magidanci ne da furfura a gemu, amma wayarsa ƴar ƙarama ce mai maɓallai. Shayinsa ba madara. Babur ɗinsa ma ya kwance madubi ɗaya, wai ɗayan ya isa ganin baya. Duk wani abu da ake ƙara wa ordinata yana ce masa pake, kuma in ka ce ya ƙara pake ɗaya sai ya dube ka kamar ka ce ya ba ka aron matarsa.

To, ga abin da ya haɗa ni da shi.

Babana, Malam Nomau, manomi ne a Dogo. Yana da ƙane ɗaya, Baffa Ɗanƙarami, wanda ya daɗe a Kano yana fataucin gyaɗa. Gonakinsu na gado suna jere, kuma a kan iyakarsu akwai wata tsamiya. Shekarun baya, ranar kasuwa, a gaban rumfar mahauta inda jama'a suka fi cika, Baffa ya ce wa Baba mai cin iyaka. Daga ranar ba su sake magana ba. Mun yi roƙo, liman ya yi, dangi sun yi. Amsar Baba ɗaya ce: maganar da aka faɗa a gaban jama'a, a gaban jama'a za a janye ta. Ba ya son a miƙo masa waya a ɗaki a ce ga ƙanenka.

Bara hawan jini ya kayar da Baffa, ɓarin jikinsa ɗaya ya mutu, tafiya Dogo ba ta taso ba. Baba kuma tun damina yake kwance, tari ya cinye shi, ya koma kamar ba shi ba. Tsoro ya kama ni sosai. Tsoron kada ɗaya ya tafi ya bar ɗaya da wannan magana a wuya. Sai na ce, to ai ni ke riƙe da gaban jama'a, kullum bayan la'asar. Na yi ta lallashin Baffa ta waya har ya yarda zai naɗo muryarsa ya turo in sa a rediyo ranar kasuwar Dogo. Da gangan na ce ya naɗo. Na san Baffana, ba mai hankalin da zai buɗe masa mikoro kai tsaye.

Da aka gaya wa Baba, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Amma da safiyar ranar ƙanwata Rahina, wadda ke jinyarsa, ta kira ni ta ce ya sa an ɗauko masa farar rigarsa, ya ce a ɗora shi a amalanke a kai shi gaban rumfar mahauta, da rediyonsa.

Saƙon Baffa kuwa bai iso ba sai bayan azahar. Na zaga bayan gidan rediyon, wurin randa, na kara waya a kunne. Wayyo Allah! Haƙurin yana nan, har sai da na yi hawaye. Amma tsamiya ma tana nan. Kuma ba a gefe take ba da zan ce in an zo wurin sai in rage murya. A tsakiyar magana take, ya shiga ban haƙuri ya fito ta tsamiya ya koma ban haƙuri, duk da numfashi ɗaya. Baba ya ji wannan a gaban mahauta? Ai gara ma ba a fara ba.

Na faɗa situdiyo na tarar da Faruk yana goge ƙurar mikoro.

"Malam Faruk, taimake ni. Murya za ka yanka mini. Wurare kaɗan ne, ka cire su ka haɗe sauran yadda ba za a gane ba."

"Ba ta yanka, Madam."

"Wa?"

"Ordinata. Tana sawa, tana naɗa. Ba ta yanka."

"To koya mata mana! Ba aikinka ba ke nan?"

Ya ce in kai siber, shagon intanet. Na ce tun safe ba kuran, ba wutar lantarki a unguwa, siber a rufe yake, mu ma albarkacin sola muke ci, kuma ko a buɗe yake ba zan kai asirin gidanmu samarin siber su saurara suna dariya ba. Ya ce ordinatar direkta fa? Na ce tana Yamai tare da mai ita, ka fi ni sani. Ya dubi wayata, na ce kada ma ka fara, cike take da hotunan biki, ko gaisuwa da ƙyar take karɓa. Na dubi tasa, mai maɓallai, ya mayar da ita aljihu da sauri.

Sai na sa masa saƙon ya ji. Ya kasa kunne. Da Baffa ya zo wurin tsamiya na ga gefen bakinsa ya motsa, na ce wallahi in ka yi dariya sai na fasa maka gilashi. Ya ja kujera ya zauna gaban baƙin allonsa.

"Akwai almakashin murya," in ji shi. "Pake ɗaya ne. Bari mu tambaya."

Ya haɗa ordinatar da rezon intanet na wayata, ya buga ɗan layi ɗaya. Ordinatar ta yi ɗan tunani. Sai rubutu ya fara zubowa, yana zubowa, allo ya cika ya ture na sama, ya sake cika. Faruk ya dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi! Kin gani? Kin ga abin da nake faɗa muku?"

"Me na gani? Ni tururuwa kawai nake gani."

"Ƴan rakiya ne. Na ce a ba ni almakashi, ya ce ba ya zuwa shi kaɗai, sai da waɗannan duka. Sun fi duk abin da ke cikin ordinatar yawa." Ya sa yatsa a allo yana bi. "Wannan na injin buga takarda ne. Muna da injin buga takarda? Wannan haruffan mutanen Sin ne. Wannan na gyara kuskuren rubutun Jamusanci. Wannan na kallon fim. Wannan kuma, Allah ya isa, hotunan ado ne, ƴan furanni da taurari."

"Me ya haɗa almakashi da mutanen Sin?"

"Almakashin yana son taga da zai fito a ciki. Taga tana son mai zana ta. Mai zanen yana son haruffa. Haruffan suna son mai jera su, mai jerawar kuma ba ya tafiya sai da mai buga takarda, shi kuwa mai buga takarda…"

"Ya isa! Wato Hajiya Kande ce. Ka aika mata goron biki ita kaɗai, ta zo maka da mota cike har da maƙwabta."

"Gara Hajiya Kande, ita da yamma tana tafiya da mutanenta. Waɗannan in sun shigo sun zauna ke nan."

Na ce su zauna mana, gidan ubanka ne? Ya ce ba wurin zama, cikin ordinatar ba zai ɗauke su ba. Sannan ya hau wa'azin da na sha ji: wai masu ƙera waɗannan abubuwa suna zaune ne inda rezo ke gudu kamar ruwan famfo, da manyan injuna, ba wanda ya taɓa tuna cewa akwai wani Faruk a Damagaram da tsohuwar ordinata. Kowa ya ga abin wani ya yi masa kyau sai ya jingina nasa a kai, ba ya tambayar nauyinsa. Ban ce ƙarya yake yi ba. Amma ni agogon bango nake kallo.

Ya ce in ba shi dama. Ya sake buga layin, wannan karon ya ce wa ordinatar ta bar ƴan cin shinkafa a waje, ta shigo da na dole kawai. Rubutun ya ragu, amma har yanzu allo bai ɗauke shi ba. Ya nemo wani ƙaramin almakashi, marar taga, wanda ya ce shi ne na mutanen kirki. Wannan ya shigo salin-alin da ɗan rakiyarsa kaɗan, Faruk har da murmushi. Aka ba shi muryar Baffa, ya ce bai san irin wannan murya ta WhatsApp ba, sai an kawo masa tafinta. Aka tambayi tafinta. Tafinta ya ce shi ma yana da jama'a.

Wayata ta yi ƙara, Rahina ce. Ta ce sun iso kasuwa, an shimfiɗa wa Baba tabarma, an jingina shi da buhu. Mahauta sun ajiye wuƙaƙe, masu awo sun matso, har liman ya zo. Ta rage murya ta ce, "Yaya, tarin ya tsananta a hanya. Ba na jin za a iya sake kawo shi wani mako."

Na kashe wayar. Ban yi wa Faruk tsawa ba, ƙarfin tsawar ma babu. Na ce masa, "Malam Faruk, ubana ne. In ya koma gida yau bai ji ba, ban san ko zai sake ji ba."

Ya cire gilashi ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya sake buga layin almakashin farko, mai tarin ƴan rakiya. A ƙasan allon ordinatar tana jiran amsa, e ko a'a. Mutumin da ya yi shekaru yana tsare ƙofar nan kamar mai gadin banki, ya ɗaga yatsa ɗaya ya danna e. Har ya rufe ido.

"Ku shigo," in ji shi. "Ku shigo duka, har da na Sin."

Suka fara shigowa, a rezonmu na Damagaram, ɗaya bayan ɗaya kamar masu ciwon ƙafa. Aka kira la'asar, muka yi salla muka dawo, suna nan suna shigowa. Can ordinatar ta ce wuri ya ƙare. Faruk ya share waƙoƙin tashe da na bikin kamun kai, ya ce a ci gaba. Ta sake cewa wuri ya ƙare. Ya share tallan maganin basir da mai shi ya daina biya. Gumi yana ɗiga daga gemunsa. Haruffan Sin sun samu wuri, furanni da taurari sun samu wuri, shi almakashin da aka yi taron dominsa yana can ƙarshen layi bai ko leƙo ba.

Lokacin shirina ya yi. Dogo gaba ɗaya tana jira.

Faruk ya juyo ya ce, "Madam, ba zai iso ba. Ki gafarce ni." Ya ɗauko wata igiya ya soka a wayata ya haɗa da teburin murya. Ya kama yatsana ya ɗora a kan maɓallin da ake ja sama da ƙasa. "In ya zo wurin, ki ja ƙasa. Za a ji giɓi, amma dai ya fi babu."

Na buɗe mikoro na yi sallama, na gaida masu saurare na Mirriya da na Dogo. Na ce yau akwai saƙo daga Kano, daga Ɗanƙarami zuwa ga yayansa Malam Nomau. Na danna.

Muryar Baffa ta fito, a karkace saboda ciwon, harshe yana yi masa nauyi.

"Yaya, ni ne Ɗanƙarami. Ka ce a gaban jama'a, to ga ni a gaban jama'a. Mutanen Dogo ku shaida. Kalmar da na faɗa maka a rumfar mahauta ban kyauta ba, ko da yake ita tsamiyar kowa ya san gonata ta fi karkata, amma ko tawa ce bai kamata bakina ya faɗa maka haka ba, kai da ka goya ni ranar da Inna ta rasu, ka hana kanka fura ka ba ni…"

Yatsana yana kan maɓallin. Wallahi na yi niyyar ja. Amma a ina zan ja? In na ja a tsamiya na tafi da goyon. In na jira goyon ya wuce, tsamiya ta riga ta shige. Kafin in yanke shawara ya sake komawa.

"…ni yanzu hannu ɗaya gare ni, Yaya, ko an ba ni gonar ba zan iya noma ta ba. Kullum in na kwanta kai nake gani. Ka yafe mini don Allah, don darajar iyayenmu. Shi Babanmu dai da bakinsa ya ce tsamiyar… to, a bar wannan. A bar shi. Ka yafe mini kawai, Yaya. Kada ka tafi ka bar ni da wannan."

Na ɗauke hannuna na ɗora a cinya. Saƙon ya tafi duka, da tsamiyarsa da komai. Faruk ya sa waƙa don ya rufa mini asiri, ni kuwa na kifa kai a tebur. Na ce shi ke nan, na tara wa ubana kasuwa guda don a sake ce masa tsamiya ba tasa ba ce.

Waƙar ba ta kai rabi ba Rahina ta kira. Na ji hayaniya a bayanta, na ji tari mai ƙarfi.

"Rahina, me ya faru? Jikin ne?"

"Dariya ce ta sarƙe shi, Yaya! Yana dariya yana kuka, mun rasa wanne za mu share. Tsaya, ga shi."

Baba, wanda bai taɓa yarda a kara masa waya a kan maganar nan ba, na ji numfashinsa a kunnena.

"Zuwaira."

"Na'am, Baba."

"Shi ne. Wallahi shi ne, ɗan banza. Tun safe nake cewa in na ji magana sumul, to ke kika rubuta masa ya karanta, in sa a mayar da ni gida. Da na ji tsamiya na ce wannan ƙanena ne." Ya yi tari, ya huta. "Ki faɗa a rediyonki, yanzu, jama'a na nan. Ki ce na yafe masa duniya da lahira. Ki ce kuma tsamiya tawa ce."

"Baba, wannan na ƙarshen…"

"Duka za ki faɗa. Kada ki rage mini ko kalma."

Na dubi Faruk. Baffa yana Kano, rediyonmu ba ya kaiwa can, sai an naɗa an tura masa. Ordinatar kuwa cike take maƙil da baƙi, ba wurin da murya za ta zauna. Faruk ya gane kafin in yi magana. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi haske haka ba. Ya tsayar da masu shigowa, ya buga layi ɗaya da ƙarfi har tebur ya girgiza, rubutu ya dinga gudu sama.

"Ku fita! Kai mai buga takarda, fita! Furanni, a sauka lafiya!" Ya ɗaga mini babban yatsa. "Akwai wuri, Madam. Bismillah."

Na buɗe mikoro. Na ce Malam Nomau na Dogo yana sanar da ƙanensa Ɗanƙarami, a gaban jama'a, cewa ya yafe masa duniya da lahira. Sannan na ce, yana kuma sanar da shi cewa tsamiya tasa ce. Rahina ta ce mini daga baya mahauta har tafi suka yi.

Faruk ya yi kwanaki yana bin sauran baƙin da suka maƙale a lungunan ordinatar yana kora, yana mita. Har yau in na ce masa ina mutanen Sin sai ya ɗaure fuska. Babban almakashin dai bai taɓa shigowa ba, ni ma ban sake nemansa ba.

Amsar Baffa kuwa ta zo washegarin sanarwar. Rabin saƙon fyace hanci ne da shessheƙa. A ƙarshe ya ce, "Ki gaya wa Yaya na gode, Allah ya saka masa da Aljanna. Batun tsamiya kuma, in na samu sauƙi zan zo da kaina mu auna."

Na hau mota na tafi Dogo na kara wa Baba a kunne. Yana kwance, idonsa a rufe, ya saurara har ƙarshe. Sai ya kira Rahina ya ce ta nemo igiyar awo ta rataye masa a bakin ƙofa, inda zai riƙa ganinta. Sannan ya ce a kawo masa kunun da ya ƙi sha tun safe.

"Ki ce masa ya zo," in ji shi. "Ina nan ina jiransa."